Doki da Kiwonsa a Ƙasar Adar: Abin da Kalmomi Suka Riƙe

Tarihin Adar ba ya rabuwa da doki. Wajen shekara ta 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya ci ƙasar da yaƙi, kuma zuriyarsa ce ta riƙe sarautar da daga baya ta zauna Illela. Djibo Hamani ya bayyana wannan zamani a cikin littafinsa na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa. Amma wanda ya karanta labarin yaƙe-yaƙe bai ga mai yankan ciyawa ba, bai ga mai jiƙa kanwa ba. Nufinmu a nan shi ne mu bi sawun waɗannan mutane ta hanyar kalmomin da suka bari.

1. Asalin kalmomi

Kalmomin doki kashi uku ne. Kayan hawa sun zo da sunayensu daga Larabci: sirdi, linzami, likkafa, lifidi. Waɗansu sunayen launi da na iri sun biyo hanyar arewa: akawal, wato baƙin doki, yana da tushe ɗaya da kalmar baƙi a Tamajak, ɗan Bagazam kuwa sunan duwatsun Azbin ya ɗauka. Kashi na uku shi ne na abinci da ɗauri: hatsi, dusa, harawa, ciyawa, turke. Waɗannan kalmomin gona ne da na tsakar gida. Abin da wannan ya nuna shi ne, ko daga ina doki ya zo, manomi ne ya ciyar da shi. Dokin sarki ko na Buzu, rumbun talaka ne ke riƙe da ƙarfinsa.

2. Abinci da magani na dā

A arewacin Tawa damina gajera ce, ciyawa ɗanya ba ta wuce wata uku ko huɗu. Sauran shekara sai harawa da busasshiyar ciyawa da dusa. Masu kiwon doki na dā suna ba da hatsi kaɗan-kaɗan, ba a zuba gaba ɗaya ba. Ilimin yau ya ba su gaskiya: tumbin doki ƙarami ne, kuma doki ba ya amai, don haka hatsi mai yawa a lokaci guda yakan jawo murɗar ciki, har ya kai ga ciwon kofato. Kanwa da gishirin Tegidda suna mayar wa jiki abin da zufa ta fitar. Ruwa kuwa, a lokacin bazara doki yakan sha lita 40 ko fiye a yini.

Hayaƙin da ake turawa a barga da almuru shi ma yana da dalili. A shekara ta 1944 ne bincike a Afirka ta Kudu ya tabbatar cewa ƙananan ƙwari masu cizo da magariba su ne ke yaɗa annobar dawaki, wadda takan kashe doki tara cikin goma idan ta yi tsanani. Ba dukan al'ada ce ta dace ba: lalas, wato ɗora ƙarfe mai zafi a fata, yakan buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa, balle ga doki, wanda ciwon tetanos ke saurin kamawa.

3. Zamanin ma'aikatar kiwo

Da Faransawa suka kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20, doki ya bar fagen yaƙi, ya koma na rangadi, na dogarai da na hawan salla. Hankalin ma'aikatar kiwo bai tsaya kansa ba, domin shanu su ne dukiyar haraji da ciniki. Makarantar Bamako da aka buɗe a 1924 ta horar da mataimakan likitocin dabbobi, ta Dakar ta biyo baya a 1968. Babban gangamin allura da aka soma a 1962 na bushiya ne, cutar shanu da aka bayyana ƙarewarta a duniya a 2011. Doki bai taɓa samun gangami irin wannan ba.

Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 ya ƙara nauyi. Gidan da bai da hatsin tuwo ba ya auna wa doki. Bayan haka mota da babur suka karɓe tafiya. Doki ya rage a ƙofar sarakuna, a filin sukuwa, da kuma gaban amalanke.

4. Abin da ya shafi masu yaƙi da jahilci

A ƙarshen 2018 da farkon 2019 murar dawaki ta ratsa Nijar da Sakkwato, ta kashe jakai da yawa, ta taɓa dawaki. A irin wannan lokaci ne matsalar harshe ke fitowa fili. Mai doki yakan ce "mura" ga duk ciwon da ya zo da majina, alhali likita ya raba murar da ke yaɗuwa ta numfashi da ciwon da ke kumbura maƙogwaro ya yi ƙurji. Na farko hutu da keɓewa yake bukata, na biyu har akushin ruwa da ragama sai an raba. In takardar gargaɗi ta zo da sunan Faransanci kawai, ba ta isa barga ba. In ta ce "mura" kawai, ba ta raba komai ba.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Na ɗaya, a tattara kalmomin doki daga bakin tsofaffin ma'aikatan barga a Tawa, Illela, Keita da Abalak, da Hausa da Tamajak, tun suna raye. Na biyu, a zauna da likitocin dabbobi a daidaita kowace kalma da alamun ciwonta. Na uku, ƙananan littattafan karatun manya su fara da kalmomin da mai doki ya riga ya sani, irin su harawa da kanwa da turke, kafin su kai shi ga allura da maganin tsutsar ciki. Dattijon da ya san dalilin hayaƙin almuru ba jahili ba ne. Rubutu kawai ya rasa, shi ne kuwa aikinmu.