Shin Zaɓe Yana Wanke Laifi? Bush, Yaƙin Iraƙi da Masu Sukarsa Bayan 2004

A wannan makon na ɗauko muku wani yanki ne na tarihin Amurka, wato abin da ya biyo bayan zaɓen 2004, lokacin da George Bush ƙarami ya samu wa'adi na biyu alhali sojojinsa suna tsakiyar yaƙi a Iraƙi. Abin da nake so mu duba shi ne sukar da 'yan ƙasarsa masu sassaucin ra'ayi suka yi masa. Idan na ce masu sassaucin ra'ayi, ina nufin galibin magoya bayan jam'iyyar Democrat, da marubutan jaridu irin su New York Times, da malaman jami'a, da lauyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, waɗanda a siyasar Amurka su ne kishiyoyin masu ra'ayin riƙau na jam'iyyar Republican. Tambayoyina biyu ne. Idan shugaba ya kai ƙasa yaƙi bisa hujjar da ta tabbata ba gaskiya ba ce, jama'a kuma suka sake zaɓarsa, ƙuri'ar ta wanke shi? Su kuma masu sukar, me suka soka, me suka yi shiru a kansa?

Abin da aka sani kafin a jefa ƙuri'a

An yi zaɓen ranar Talata 2 ga Nuwamba 2004. Bush ya samu ƙuri'a kusan miliyan 62, abokin takararsa John Kerry ya samu kusan miliyan 59. A ƙuri'ar wakilan jihohi, wadda ita ce ke naɗa shugaba a can, Bush ya tashi da 286, Kerry da 251. Jihar Ohio ce ta raba gardama, da tazarar ƙuri'a wajen dubu 118.

Mai karatu ya lura, ba a cikin duhu Amurkawa suka yi zaɓen nan ba. An afka wa Iraƙi ranar 20 ga Maris 2003 da hujjar cewa Saddam Husaini yana da makaman ƙare dangi. A watan Afrilu 2004 hotunan gidan yarin Abu Guraib suka fito, duniya ta ga yadda sojojin Amurka ke tsiraita fursunoni suna wulaƙanta su. A Satumba adadin sojojin Amurka da suka mutu a Iraƙi ya haura 1,000. A Oktoba kuma, saura 'yan makonni zaɓe, Charles Duelfer, wanda gwamnatin Bush da kanta ta ɗora a kan aikin neman makaman, ya miƙa rahoto cewa babu wani rumbun irin waɗannan makamai a Iraƙi.

Kwana biyu bayan zaɓe Bush ya shaida wa 'yan jarida cewa ya samu jari na siyasa, kuma zai kashe abinsa. A Janairu 2005 jaridar Washington Post ta tambaye shi dalilin da ya sa ba a hukunta kowa ba a kan kurakuran Iraƙi. Amsar da ya bayar ita ce lokacin hisabi ya riga ya zo ya wuce, shi ne zaɓen 2004. A nan rigimar ta samo asali, domin masu sassaucin ra'ayi sun ce ƙuri'a tana ba mutum kujera ne kawai, ba ta mayar da ƙarya gaskiya.

Wanda ya ɓata ya samu lambar yabo

Abin da ya fara fusata su shi ne yadda Bush ya shirya sabuwar gwamnatinsa. Colin Powell, sakataren harkokin waje da ake ganin yana ɗan taka birki, ya ajiye aiki a Nuwamba, aka ba Condoleezza Rice kujerarsa. Donald Rumsfeld, sakataren tsaro wanda abin kunyar Abu Guraib ya faru a ƙarƙashinsa, yana nan daram. Alberto Gonzales, lauyan fadar shugaban ƙasa da ya rubuta a Janairu 2002 cewa wasu tanade-tanaden Yarjejeniyar Geneva kan fursunonin yaƙi sun zama tsohon yayi, shi aka ɗaga ya zama ministan shari'a. Majalisar dattawa ta amince da shi da ƙuri'a 60, 36 suka ƙi.

Ranar 14 ga Disamba 2004 Bush ya rataya wa mutum uku lambar yabo mafi girma da ake ba farar hula a Amurka. Akwai George Tenet, shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA a lokacin da aka tattara bayanan makaman da ba a samu ba. Akwai Paul Bremer, kantoman Iraƙi da ya rusa rundunar sojan ƙasar a Mayu 2003, ya watsa dubban ɗaruruwan mutane masu horon bindiga kan titi babu albashi. Na ukun shi ne Janar Tommy Franks da ya jagoranci mamayar. A ɗaya gefen, ƙananan sojoji ne suka sha ɗauri a kan Abu Guraib: Charles Graner shekara 10, Lynndie England shekara 3.

A wannan watan ne kuma, a Kuwait, wani soja ya tambayi Rumsfeld dalilin da ya sa suke tonon juji suna neman ƙarafan da za su lulluɓe motocinsu. Rumsfeld ya ce da rundunar da kake da ita kake tafiya yaƙi. Masu suka suka tuna masa cewa tun Fabrairu 2003 Janar Eric Shinseki ya gaya wa majalisa cewa riƙe Iraƙi zai buƙaci sojoji dubu ɗari-ɗari, manyan ma'aikatar tsaro suka yi watsi da maganarsa.

Inda labarin ya taɓo Nijar

Akwai wani reshe na wannan tarihi da ya biyo ta ƙofar gidanmu. Cikin hujjojin yaƙin har da zargin cewa Saddam ya nemi sayen yuraniyom daga Jamhuriyar Nijar. A Fabrairu 2002 CIA ta tura tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai, ya bincika ya dawo ya ce da wuya a ce an yi wannan ciniki. Duk da haka, ranar 28 ga Janairu 2003 Bush ya tsaya gaban majalisa ya ce gwamnatin Birtaniya ta gano Saddam ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka. A Maris, Muhammad ElBaradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya bayyana cewa takardun cinikin na jabu ne. Ɗaya daga cikinsu ma tana ɗauke da sa hannun wani ministan harkokin wajen Nijar da ya bar kujerar tun 1989.

Da Wilson ya fasa ƙwai a New York Times ranar 6 ga Yuli 2003, kwana takwas tsakani aka fallasa a jarida cewa matarsa Valerie Plame jami'ar asiri ce ta CIA. Binciken ya ja har bayan zaɓe. A Oktoba 2005 aka tuhumi Lewis Libby, shugaban ma'aikatan mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney, kuma a Maris 2007 kotu ta same shi da laifin yi wa masu bincike ƙarya. An yanke masa wata 30, Bush ya ɗage ɗaurin tun bai kwana a kurkuku ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ka ga wanda ya faɗa ciki an miƙa masa tsani.

Shekarar da bango ya tsage

Jarin da Bush ya yi alfahari da shi bai kai shekara ba. A Agusta 2005 Cindy Sheehan, wadda aka kashe ɗanta soja a Bagadaza a 2004, ta kafa tanti kusa da gonar Bush a Crawford ta jihar Texas, tana neman ya fito ya gaya mata dalilin da ɗanta ya mutu. Ƙarshen watan guguwar Katrina ta nutsar da birnin New Orleans, talakawa, galibi baƙaƙen fata, suka kwana a kan rufin gidaje suna jiran agaji. Sai aka gano cewa shugaban hukumar agajin gaggawa, Michael Brown, kafin zuwansa hukumar aikin kula da gasar dawakan Larabawa yake yi. Masu suka suka ce cutar da ta kashe Bagadaza ita ce ta zo gida, wato ba ɗan gida muƙami ko da bai san aikin ba.

A Oktoba majalisar dattawa, wadda jam'iyyar Bush ke da rinjaye a cikinta, ta amince da ƙudurin John McCain na hana azabtar da fursunoni da ƙuri'a 90, 9 suka ƙi. A Nuwamba John Murtha, tsohon soja kuma ɗan Democrat da ya goyi bayan yaƙin da farko, ya ce a janye sojoji. A Disamba aka fallasa cewa gwamnati na sauraren wayoyin mutane a cikin Amurka ba tare da izinin kotu ba. Kafin shekarar ta ƙare farin jinin Bush ya faɗi ƙasa da kashi 40 cikin ɗari.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

To, a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya, domin su ma masu sukar ba su fita fes ba. A Oktoba 2002, da majalisar dattawa ta ba Bush izinin yaƙi da ƙuri'a 77 da 23, sanatocin Democrat 29 ne suka ɗaga hannu, cikinsu har da Kerry, da Hillary Clinton, da Joe Biden. Ita kanta New York Times sai da ta fito a Mayu 2004 ta amsa cewa ta buga labaran makaman Saddam ba tare da tantancewa yadda ya kamata ba. Labarin sauraren wayoyi kuma ta riƙe shi wajen shekara guda bisa roƙon gwamnati, tun kafin zaɓe yana hannunta.

Wanda hannunsa ke cikin akushi ba ya iya cewa tuwon haram ne, sai dai ya ce gishiri bai ji ba. Shi ya sa yawancin sukar da manyan jam'iyyar suka yi ta tsaya a kan gudanarwa: sojoji sun yi kaɗan, babu shirin bayan yaƙi, an rusa sojan Iraƙi, an ba kamfanonin 'yan gida kwangila. Duk gaskiya ne. Amma ma'anar wannan magana ita ce da an iya aikin, da mamayar ba ta da aibi. A 2005 wasu marubuta biyu, Sam Rosenfeld da Matthew Yglesias, sun rubuta a mujallar American Prospect cewa fakewa da rashin iya aiki hanya ce ta kauce wa ainihin tambayar. Ni ma ra'ayina ke nan. Laifin farko shi ne afka wa ƙasar da ba ta kawo maka hari ba, a kan hujjar da babu ita.

Sannan akwai batun ƙidayar gawa. Kowane sojan Amurka da ya mutu an san sunansa da garinsu. 'Yan Iraƙi kuwa a kan adadinsu ma gardama ake yi. A Disamba 2005 Bush ya ce wajen dubu 30 ne. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2006 ya ƙiyasta dubu 655, wasu masana suka ce ya yi yawa. Kwana biyar bayan zaɓen 2004 aka buɗe wa garin Falluja wuta, aka ragargaza unguwanni, amma a Washington an fi tattauna dalilin faɗuwar Kerry a Ohio.

Adalci shi ne a ambaci waɗanda suka ƙi tun farko. 'Yan Democrat 126 a majalisar wakilai sun ƙi ba da izinin, haka sanatoci irin su Robert Byrd, Ted Kennedy da Russ Feingold. Miliyoyin mutane kuma sun fito zanga-zanga a biranen duniya ranar 15 ga Fabrairu 2003.

Me sukar ta haifar?

Ranar 7 ga Nuwamba 2006 Democrat suka ƙwace majalisun biyu, washegari aka sanar da tafiyar Rumsfeld. Da sakamakon zaɓe hisabi ne kamar yadda Bush ya faɗa, da sai ya tattara sojojinsa. Maimakon haka, a Janairu 2007 ya ƙara tura sama da dubu 20. Majalisa ta haɗa kuɗin yaƙi da wa'adin janyewa, ya hau kujerar na ƙi ranar 1 ga Mayu, kafin watan ya fita suka ba shi kuɗin babu wa'adi. Shekarar 2007 ta fi kowace yawan mutuwar sojojin Amurka a Iraƙi, ko da yake kashe-kashen sun ragu sosai a 2008, abin da magoya bayansa ke kafa hujja da shi har yau.

Barack Obama, wanda ya soki yaƙin tun Oktoba 2002, ya ci zaɓen 2008, kuma wannan matsayi nasa na cikin abin da ya ba shi galaba kan Hillary a zaɓen fitar da gwani. Sojojin Amurka sun fice a Disamba 2011 bayan mutuwar kusan 4,500 daga cikinsu. Amma Obama ya zaɓi kada a gurfanar da manyan da suka halatta azabtarwa, umarnin da ya sa wa hannu a Janairu 2009 na rufe Guantanamo cikin shekara guda bai cika ba, a Yuni 2014 kuma ƙungiyar IS ta kama Mosul, da tsofaffin hafsoshin rundunar da Bremer ya rusa a cikin jagororinta.

Saboda haka amsata ga tambaya ta farko ita ce a'a. Zaɓen 2004 ya ba Bush shekara huɗu, bai samar da makami ko ɗaya a Iraƙi ba, kuma mutanen da aka fi kashewa ba su da ƙuri'a a Ohio. Game da ta biyu, sukar masu sassaucin ra'ayi ta yi amfani, ta tona asirai da dama, ta kuma kawo dokar hana azabtarwa. Sai dai mafi yawanta ihu ne bayan hari. Ranar da maganarsu za ta iya hana zubar jini ita ce ranar ƙuri'ar Oktoba 2002, lokacin da Bush ke da farin jini kuma zaɓen majalisa ya ƙarato, a ranar kuwa da yawansu kujerarsu suka duba.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, da 'yan adawa masu faɗar gaskiya a kan lokaci. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.