FIMA: Bikin baje kolin tufafin Afirka da aka faro a hamadar Nijar

Bikin baje kolin tufafin Afirka na ƙasa da ƙasa, wanda aka fi sani da FIMA a taƙaicen sunansa na Faransanci, na ɗaya daga cikin bukukuwa irinsa mafiya daɗewa a yammacin Afirka. An fara shi a Jamhuriyar Nijar a shekara ta 1998, da nufin tallata ayyukan masu tsara ɗinki na nahiyar, tare da sama musu kasuwa a gida da waje.

Wanda ya ƙirƙiro bikin

Sidahmed Seidnaly, wanda ake yi wa laƙabi da Alphadi, shi ne ya kafa bikin. An haife shi a birnin Tumbuktu na ƙasar Mali a shekara ta 1957, ya kuma tashi a Nijar. Ya fara da karatun harkar yawon buɗe ido a Faransa, daga bisani ya koyi tsara tufafi a makarantar Chardon Savard da ke birnin Paris, inda ya gabatar da ɗinkunansa na farko a shekara ta 1985.

Alphadi ya yi fice wajen haɗa ɗinkin zamani da sana'o'in gargajiya, kamar saƙar hannu, da aikin dukawa, da kayan azurfa na maƙeran Agadas. Hujjar da ya daɗe yana kafawa ita ce, duk rigar da aka sayar da daraja tana ciyar da masaƙi da marini da tela da mai surfani. A shekara ta 2016 hukumar UNESCO ta naɗa shi jakadanta na zaman lafiya ta fannin fasaha.

Karo na farko

An gudanar da bikin farko cikin watan Nuwamban 1998 a gindin duwatsun Tigidit, kudu da birnin Agadas. Zaɓen wurin yana da dalili. Yankin bai jima da fita daga tawayen Abzinawa ba, wanda aka kawo ƙarshensa da yarjejeniyar sulhu ta ranar 24 ga watan Afrilun 1995, kuma gwamnatin shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara na son nuna wa duniya cewa hankali ya kwanta, domin masu yawon buɗe ido su dawo. Don haka ne ta mara wa bikin baya.

An gayyaci manyan gidajen ɗinki irin su Yves Saint Laurent da Kenzo, suka baje kayansu a dandali guda da 'yan Afirka irin su Pathé'O, haifaffen Burkina Faso da ke aiki a birnin Abijan. Dabarar ita ce sanannun sunaye su jawo 'yan jarida da 'yan kasuwa, su kuma waɗannan su ga aikin 'yan gida.

Adawar ƙungiyoyin addini

Karo na biyu, wanda aka yi a Yamai cikin watan Nuwamban 2000 zamanin shugaba Mamadou Tandja, ya gamu da turjiya. Wasu ƙungiyoyin addinin Musulunci sun ce bikin na yaɗa tsiraici da lalata tarbiyya, kuma ya saɓa wa addinin mafi yawan 'yan ƙasar. An yi zanga-zanga a Yamai, sa'annan rikici ya ɓarke a Maraɗi, inda aka ƙona mashaya da wasu gine-ginen mabiya addinin Kirista. Hukumomi sun kama mutane da dama, suka kuma haramta wasu daga cikin ƙungiyoyin.

Shi dai Alphadi, wanda shi ma Musulmi ne, ya dage cewa manufarsa ita ce samar da aikin yi a ƙasar da talauci ya yi wa katutu. An gudanar da bikin duk da tarzomar, amma lamarin ya nuna cewa goyon bayan gwamnati da kuɗin masu ɗaukar nauyi ba su wadatar ba, muddin jama'ar gari ba su gamsu da abin da ake nunawa a dandali ba.

Yadda bikin ke gudana

An tsara FIMA ne a kan duk bayan shekaru biyu, ko da yake ba kullum hakan ya tabbata ba. Baya ga nunin manyan masu tsara ɗinki, akan shirya gasar matasa masu tasowa, da gasar masu tallan tufafi, da kuma kasuwar masu sana'ar hannu.

Matsalar tsaro ta sa an ɗage bikin shekara ta 2015, sai a watan Disamban 2016 aka yi shi a Agadas. A shekara ta 2018 an cika shekaru 20 da kafa shi a garin Dakhla na yankin Yammacin Sahara, wanda ke ƙarƙashin ikon Maroko, kana aka yi na 2022 a birnin Rabat.

Sauran bukukuwa da abin da ya rage

Bayan FIMA an samu bukukuwa makamantansa. Adama Ndiaye, wadda aka fi sani da Adama Paris, ta kafa makon baje kolin tufafi na Dakar a shekara ta 2002, yayin da Omoyemi Akerele ta kafa na Legas a 2011. Wani rahoto da UNESCO ta fitar a shekara ta 2023 ya ce ƙasashen Afirka 32 ne ke shirya irin waɗannan bukukuwa.

Sai dai rahoton ya nuna inda gizo ke saƙar. Ƙasashe 37 daga cikin 54 na nahiyar suna noman auduga, amma Afirka na sayo yadi da tufafi da takalma na dalar Amurka miliyan dubu 23 da ɗari 1 a shekara, alhali yadin da take sayarwa a waje bai wuce na dala miliyan dubu 15 da ɗari 5 ba. Masaƙu da dama sun durƙushe, ciki har da na Kaduna, kasuwanni kuma sun cika da gwanjo da atamfofin Sin masu rahusa. Hukumar ta ambaci ƙarancin jari, da ƙarancin makarantun koyon sana'ar, da raunin dokokin kare haƙƙin mai fasaha, a matsayin abubuwan da ke hana masu tsara ɗinkin da suka yi suna a dandali kafa masana'antun da za su ɗauki ma'aikata.