Daga Jiniyar Bompai Zuwa Allon Kwamfuta

Duk wanda ya rayu a Kano a zamanin da masana'antu ke da rai, ba zai manta da yadda hanyar Bompai kan cika da kekuna tun bayan sallar asuba ba, kowa da ƙullin abincinsa a bayan sirdi, ana gaggawar isa bakin ƙofa kafin jiniya ta yi kuka, domin wanda ta riga shi, ladan yininsa sai yadda heluma ya ga dama. Bompai ce ta fara, daga bisani aka yanka Sharada da Challawa, masaƙu da majemu da injinan matsar gyaɗa suka yawaita.

Da yawa cikin leburorin nan gardawa ne da 'yan cirani, waɗanda suka ji malamai suna cewa a babin ijara ba a ƙulla aiki sai an san lada, amma da suka shiga kamfani sai suka tarar mutum ɗaya ba shi da ta cewa, saboda in ya yi fushi ya fita, ga goma nan a waje suna jiran gurbinsa. Hatta lokacin salla sai da aka yi jayayya a kansa. Daga nan suka fahimci cewa haƙƙinsu ba zai fito ba sai sun haɗa baki. Da gwamnati ta amince da ƙarin albashin da hukumar Adebo ta ba da shawara, masu kamfanoni suka yi ta jan ƙafa wajen biyan ariyas, sai ma'aikata suka ajiye aiki a 1971. Ƙarin albashin hukumar Udoji ya biyo baya a 1974, aka kuma kafa ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1978.

Sai dai yajin aiki ba ya razana wanda ya riga ya ƙudurta rufe ƙofa. Bayan gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, wutar NEPA ta zama sai an yi dace, daga baya kuma atamfofin Sin suka cika Kantin Kwari, sai masaƙu suka yi ta sallamar ma'aikata, ƙarfin ƙungiya ya bi su.

Yau cikin jikokinsu akwai masu rubuta manhajar kwamfuta, waɗanda lamarinsu ya zama akasin na kakanninsu: ilminsu ba kowa ke da shi ba, don haka ƙwararre kan yi cinikin ladansa da kansa, har da kamfanin Amurka ko Ingila mai biya da kuɗin waje, alhali yana zaune a ɗakinsa yana lallaɓa janareta. Amma kowa shi kaɗai yake, kwangilarsa ta 'yan watanni ce, galibi babu fansho, kuma ranar da aka yanke ta, saƙo ɗaya ne zai shigo wayarsa, babu abokin aikin da zai kashe inji dominsa kamar yadda aka yi a Bompai a 1971.