Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tarihin Takarda da Kogin da Ta Gurɓata

A hutun da ya wuce na koma gida Damagaram, sai kakana ya sa ni in kakkaɓe masa gafakar littattafansa. A ciki akwai wani tsohon littafin fiƙihu, rubutun hannu, wanda ya gada wurin mahaifinsa. Da na ɗaga warƙa guda wajen hasken taga, sai na ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar, kuma ba da tawada aka zana su ba. Na ce, "Kaka, mene ne wannan?" Ya ce, "Takardar ƙwarai ke nan, irin ta masu ayari. Ba irin taku ta fotokopi ba." Daga wannan tambaya na fara bin sawun takarda, kuma duk inda na bi sai in tarar da ruwa a gabana.

Tunda ilimin harshe nake karantawa, da kalmar na soma. "Takarda" ba haifaffiyar Hausa ba ce. Mun aro ta daga Abzinawa, su kuma asalin tasu yana komawa ga "karta" ta Latin, aka liƙa mata "ta" irin ta sunayen mata a harsunan Berber. Ashe kalmar da abin da take nufi duk hamada suka ratso kafin su iso mu. Wata ukun nan tambari ne na masu yin takarda a arewa maso gabashin Italiya. Ta Tarabulus da Alƙahira take biyowa, har Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya ambace ta cikin hajar kasuwa. Yadda ake yin tambarin kuwa, siririyar waya ake ɗinkawa a kan rariyar da ake ɗibar kunun takarda, sai wurin ya fi sauran jikin sirantaka tun tana jiƙe.

Na ce kunun takarda, don haka abin yake. Tun zamanin Tsai Lun na ƙasar Sin, wanda tarihi ya danganta gyaran sana'ar gare shi a shekara ta 105, dabarar ɗaya ce: a daka ɓawon itace da tsummoki har su koma zare-zare, a dama su cikin ruwa mai yawa, a tace, a matse, a shanya. Sana'ar ta iso Samarƙand da Bagadaza a ƙarni na 8, ta shiga Turai ta hannun Musulmin Andalus. A garin Fabriano na Italiya, a ƙarni na 13, ruwan kogi ne ke juya guduman dakan tsummoki. Shi ya sa ba ka ganin gidan yin takarda nesa da kogi.

Muddin da tsumma ake aiki, ɓarnar tana da iyaka, don tsumman kansa yana da iyaka. Abin ya canza a ƙarni na 19, lokacin da jaridu da makarantu suka yawaita, tsumma ya kasa. A shekarun 1840 wani Bajamushe, Friedrich Keller, ya ƙera injin niƙa itace. A 1879 Carl Dahl ya fito da hanyar dafa itace da ake kira kraft. Ma'anar kalmar a Jamusanci ita ce ƙarfi, amma kada kamannin ya ruɗe ku, dacewa ce kawai, ba dangantaka. A jikin itace akwai wani abu kamar ƙaro, sunansa lignin, shi ke riƙe zaruruwa. Sai an dafa guntayen itacen cikin soda mai zafi da gishirin farar wuta kafin ya saki. Abin da ke fita shi ne baƙin ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Zaren da ya rage launin ƙasa ne, irin na buhun siminti. In ana son fara tas kamar ta kayenmu, sai an wanke ta da kilorin. To, kilorin ɗin nan shi ya kai ni Kanada.

A lardin Ontariyo akwai wani gari, Dryden, a bakin kogin Wabigoon, mai babbar masana'antar takarda. A 1962 aka buɗe wani sashe kusa da ita don samar da kilorin da soda daga ruwan gishiri, kuma fasahar lokacin da zaiba take aiki. E, zaibar nan dai da masu haƙar zinariya ke kama gwal da ita. Daga 1962 zuwa 1970 an zubar da zaiba kimanin tan 9 zuwa 10 cikin kogin. Ruwan ya gangara da ita cikin kogin English, ya kai ta ƙasar wasu al'ummomi biyu na ƴan asalin wurin, Anishinabe: Grassy Narrows da Wabaseemoong.

Zaiba ba ta canza launin ruwa, ba ta wari. Tana kwantawa cikin laka, ƙwayoyin halitta na ƙarƙashin ruwa su mayar da ita wani nau'i da ke shiga tsoka ya zauna. Ƙaramin kifi ya ɗauka, babba ya haɗiye ƙanana ɗari ya tara nasu duka, mutum ya ci babban. Mutanen nan kuwa kifi ne tuwonsu, kifi ne kasuwarsu. Wasu masunta ne, wasu ƴan jagora ne ga baƙi masu zuwa kamun kifi, kuma kusan kullum a bakin ruwa suke soya na rana tare da baƙin.

A 1970 gwamnatin Ontariyo ta umarci kamfanin ya daina zubarwa, ta kuma hana sana'ar su a kogin. Dare ɗaya aikin yi ya ƙare a garuruwan. Abin da ya fi tsaya mini a rai, ni mai nazarin harshe, shi ne allunan da aka kafa a bakin ruwa da Ingilishi, masu cewa a yi kamun kifi don nishaɗi. Ku duba wannan magana. An yi ta ne don baƙon da ya zo hutu, wanda zai saki kifin ya koma otel ya ci nama. Uwar da ke da yara biyar da tukunya a kan murhu, ina ruwanta da nishaɗi? An faɗi gaskiya rabi, cikin harshen da ba nasu ba, da kalmar da ba ta san yunwa ba. Mutane da yawa sun ci gaba da cin kifin, don ba a ba su wani abin da za su sa a madadinsa ba.

Sai alamomi suka bayyana: dindiris a hannuwa da ƙafafu, makyarkyata, gani ya ƙuntace kamar mai leƙe ta kafar bututu, tangaɗi wajen tafiya, nauyin baki. Gubar tana ratsa mahaifa ta kai ga jariri. A 1975 wani likita daga Japan, Masazumi Harada, ya zo ya duba su. Shi ya daɗe yana aiki da mutanen Minamata, garin da aka gano irin wannan cuta a 1956 sakamakon zaibar wata masana'antar sinadarai. Ya ga alamomin da ya sani, ya kuma riƙa dawowa cikin shekaru masu yawa. A tsakiyar shekarun 1980 aka yi sulhu, aka biya diyya kusan dalar Kanada miliyan 17, aka kafa hukumar duba waɗanda suka nakasa. Amma lakar kogin ba a taɓa ta ba. Sai a 2017, bayan zanga-zangar da matasan Grassy Narrows suka sha yi a Toronto, gwamnatin lardin ta ware dala miliyan 85 don tsabtace kogin. Shekara 8 aka yi ana zubarwa. An haura shekara 50 ana biya.

Ba zan yi wa masana'antar rashin adalci ba, ta canza ƙwarai. Tun shekarun 1930 aka samu tukunyar da ke ƙona baƙin ruwan nan, a maido da sinadaran dafuwa, a kuma samu wutar da ke tafiyar da injuna. A shekarun 1980 aka gano cewa wankin kilorin yana haifar da guba mai suna dayoksin, masu bincike a Suwidin kuma suka nuna illar ruwan masana'antu ga kifin tekun Baltik. Masu saye a Turai suka fara neman takardar da ba a wanke da kilorin tsagwaronsa ba. Cikin shekarun 1990 yawancin kamfanoni suka koma wasu sinadaran wanki masu sauƙin illa, har da iskar oksijin. Kanada ta yi sabuwar dokar ruwan masana'antun takarda a 1992. Yanzu ana tara ruwan da aka yi aiki da shi cikin manyan tafkuna, ƙwayoyin halitta su cinye dattin, wani kason kuma a sake juya shi cikin injin sau da yawa kafin a sake shi. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa wa'adin daina yin kilorin da zaiba. Amma ku lura da jerin abubuwan: kifi ya mutu, mutane su yi ciwo, su ɗaga murya, sannan doka ta zo. Ban ga inda gyaran ya riga kukan ba.

Bari mu yi ɗan lissafi. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2014 ta nuna cewa masana'anta mai aiki da fasaha mafi kyau tana fitar da ruwa mita kubik 25 zuwa 50 a kan kowane tan na farin kunun kraft, wato lita 25 zuwa 50 a kilo guda. Ram ɗin takarda mai warƙa 500 yana da nauyin kilo 2 da rabi. Ke nan, a ƙiyasi, bido 2 da rabi zuwa 5 na lita 25. Duk wanda ya taɓa bin layin famfo a Damagaram cikin watan Afrilu, ko ya jira mai ga-ruwa tun asuba, ya san abin da bido 5 ke nufi. Sai dai masana'antar ba shanye ruwan take ba, mafi yawansa komawa kogi yake. Aro take yi. Tambayar ita ce a wane hali take maido da abin da ta ara, kuma wa ke zaune a gangaren da zai karɓa.

Mu a Nijar ba mu dafa itace mu yi takarda, shigo da ita ake. Wannan ɗan littafin da kuke riƙe, da kwas ɗin da muke fotokopi dala biyar-biyar, daga kogin wasu mutane suka fito, mutanen da ba mu san sunansu ba. Kuma darasin bai tsaya ga takarda ba. Muna da majemu a Damagaram da Maraɗi da bakin kogin Isa a Yamai. Muna da wuraren haƙar zinariya inda ake murza zaiba da hannu. Ranar da za a kafa allon gargaɗi a irin waɗannan wurare, da wane harshe za a rubuta shi? Da Faransanci, don mai wucewa cikin mota? Ko da Hausa da Zabarmanci da Tamajak, da kalmomin da mai jan ruwa zai ji ya gane abin da zai sami ɗansa? Wannan aikin namu ne, mu ƴan sashen harsuna, kuma ba mu fara shi ba tukuna.

Ni dai tun daga hutun nan gaba da baya nake sa a yi mini fotokopi, tsofaffin kwas kuma ina miƙa wa ƴan aji ɗaya maimakon su ƙare wurin mai tsire. Na san wannan ba zai wanke lakar Wabigoon ba. Da na ba kakana labarin kogin, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai ruwa ba ya tsami banza." Ya karɓi warƙar mai wata uku, ya mayar da ita gafaka, ya ɗaure.