Raju Ne Namu: Nazarin 3 Idiots Daga Gonakin Dambatta

A watan Disamba na 2009 aka saki fim ɗin 3 Idiots, wanda Rajkumar Hirani ya ba da umarni, Aamir Khan ya fito a matsayin Rancho, labarin kuma ya samo tushe daga wani littafin Chetan Bhagat na 2004. Masu sharhi a Indiya sun karɓe shi hannu bibbiyu. Abin da akasarinsu suka yaba shi ne yadda ya caccaki karatun haddace darasi ba tare da fahimta ba, da matsin da iyaye ke yi wa 'ya'yansu sai sun zama injiniyoyi. A wurinsu Rancho ne gwarzo, domin shi ne mai cewa kowa ya bi abin da ransa ke so.

A Kano, nazarin finafinan Indiya ya bi wata hanyar. Brian Larkin, a maƙalarsa ta 1997, ya dubi soyayya da auren dole. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigin yadda waƙoƙi da labaran Indiya suka ratsa finafinan Hausa. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, ta fi mayar da hankali kan rawa da waƙa da tarbiyya. Duk waɗannan ayyuka ne masu amfani, sai dai ba abota suka sa a gaba ba, alhali tun daga Sholay na 1975 amanar aboki ginshiƙi ce a finafinan Indiya.

Hujjata ita ce, wanda ya kalli fim ɗin daga Dambatta ko Makoɗa ko Bichi ba Rancho zai fara gani ba. Raju zai gani, abokin karatun Rancho. Mahaifinsa na kwance da shanyewar jiki, 'yar uwarsa ta kasa aure saboda babu dukiyar da dangin miji ke nema, gidan duka ya rataya a wuyansa. Duk saurayin da ya taɓa ganin an ɗaga bikin ƙanwarsa saboda kayan ɗaki ba ya buƙatar a yi masa fassarar wannan tsoro.

Dalilin yana cikin ƙasar kanta. Tun a 1965 Michael Mortimore ya bayyana karkarar da ke kewaye da birnin Kano a matsayin yankin da jama'a suka yi yawa har gona ba ta hutu: kowace damina ana nomanta, taki ne ke riƙe da ita. Rabon gado yana ƙara tsaga gonakin, gandu yana watsewa, samari suna fita cirani. A irin wannan hali, yaron da ya samu gurbi a Makarantar Kimiyya ta Dawakin Tofa, wadda aka buɗe a 1977, ko Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Dambatta, ba don kansa kaɗai yake karatu ba. An sayar da gero ko akuya kafin ya tafi. A ce masa ya ajiye darasi ya bi sha'awarsa, kamar yadda abokinsu Farhan ya bar injiniyanci ya koma ɗaukar hoton namun daji, shawara ce ta wanda rumbun gidansu ke cike. Shi kansa Rancho, fim ɗin ya nuna ɗan mai kula da lambu ne da maigida ya biya wa kuɗin makaranta. Haziƙancinsa bai isa ba sai da aka tsaya masa, kuma masu sharhi kaɗan ne suka tsaya kan wannan.

Inda fim ɗin ya faɗi gaskiyar da ta shafe mu shi ne wurin zumunci. Rancho ya ɗauki mahaifin Raju a kan babur zuwa asibiti. Da shugaban makaranta ya ba Raju zaɓi, ko ya ba da shaida a kori abokinsa ko shi a kore shi, sai ya kasa cin amana ya faɗo daga bene. Abokan ne suka yi jinyarsa har ya miƙe. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suka san gayya, suka san aboki ne ke nema wa ɗan cirani wurin kwana a Legas ko Fatakwal, shi ke tsaya masa a kasuwar Dawanau a ba shi kaya bashi, shi ne kuma babban abokin ango ranar aure. A karkarar Kano amini jari ne na gaske.

Yanzu da finafinan Indiya ke shiga ƙauyuka ta wayar hannu, kamfanoni irin su Algaita kuma na juya su zuwa Hausa, masu kallo sun ƙaru nesa da gidajen sinima na birni. Ina kira ga ɗaliban sassan Hausa da na aikin jarida a jami'o'inmu su fita zuwa majalisun samari na Minjibir da Kunchi da Tsanyawa, su tambaye su wane ne nasu a cikin abokan nan uku, kuma me ya sa.