Tarihin Harshen Kilingon a Taƙaice

Kilingon ƙagaggen harshe ne da aka laƙaba wa wasu mayaƙan sararin samaniya a finafinan Star Trek na Amurka. An fara jin ƴan kalmominsa a fim ɗin 1979, amma Marc Okrand ne ya tsara masa nahawu domin fim ɗin 1984, ya kuma wallafa ƙamusunsa a 1985.

Da gangan Okrand ya baƙanta shi ga kunnen ɗan'adam. Ya sa karɓau a farkon jimla, sai aikatau, sannan aikau, tsarin da ba kasafai ake samunsa ba sai a harsuna irin su Hixkaryana na Barazil. Masu sha'awarsa ba su tsaya ga kallo ba. A 1992 Lawrence Schoen ya kafa masa cibiya wadda ta riƙa fitar da mujalla, HolQeD, kuma a 1996 aka fassara Hamlet zuwa cikinsa.

Abin da ya kamata manazarci ya lura da shi, shi ne digirin Okrand na uku a kan Mutsun ya yi shi, wani harshen Kalifoniya wanda mace ta ƙarshe da ta iya shi sosai ta rasu a 1930.