Mai Aiki Da Hannu, Mai Son Tsayawa Da Ƙafarsa: Halinsa A Wurin Aiki

Gabatarwa

A kusan kowane wurin aiki akwai mutumin da ba ya yawan magana, amma idan inji ya tsaya shi ake nema. Bari mu duba halinsa, domin sau da yawa mukan yi masa mummunar fahimta har mu rasa shi.

Asalin wannan rabo

A shekarar 1921 Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, ya wallafa littafi a kan ire-iren halin mutane. Wasu mata biyu 'yan Amurka, Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers, suka ɗora a kan aikinsa, suka tsara gwajin da ake kira MBTI, wanda ya kasa mutane gida 16, kowane gida da haruffa 4. Wanda muke magana a kansa shi ne ISTP. Harafin I yana nufin yakan sami hutu cikin kaɗaici. S, yana dogara ga abin da ya gani ya kuma taɓa. T, yana yanke shawara bisa dalili fiye da tausayi. P, ba ya son a ɗaure shi da tsari tun da wuri.

Sai dai mu lura, masana da dama sun soki gwajin, domin mutum ɗaya yakan iya samun sakamako dabam idan ya maimaita shi bayan 'yan makonni. Saboda haka bai kamata a ɗauki mutum aiki ko a hana shi bisa waɗannan haruffa ba. Amfaninsu shi ne taimaka mana mu fahimci juna.

Yadda yake aiki

A wurinsa, gani ya kori ji. Ya fi son ya kwance famfo ya ga inda ya lalace da a yi masa dogon bayani. Irin wannan hali yakan dace da aikin bakanike, kafinta, mai walda, mai gyaran wuta da mai gyaran kwamfuta. Mata ma suna da shi, ba maza kaɗai ba. Lokacin da kowa ya rikice, shi hankalinsa a kwance yake. Amma dogon taro da cike takardu sukan gajiyar da shi, kuma ba ya son a tsaya masa a kai.

Inda yakan yi tuntuɓe

Yakan faɗi gaskiya ba tare da lallashi ba, har abokin aiki ya ji zafi. Yakan karya dokar da bai ga dalilinta ba. Abu mafi haɗari shi ne yakan gyara abu bai rubuta ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Ranar da ya kwanta ciwo ko ya bar aikin, sai a tarar duk sanin yana kansa shi kaɗai.

Idan yana ƙarƙashinmu

Mu gaya masa matsalar da ranar da muke son a gama, sa'an nan mu ba shi wuri. Mu bayyana masa dalilin kowace doka. Mu nemi gajeren rahoto, ko da na baki ne, kuma mu haɗa shi da yaro mai koyon aiki. Kada mu ɗauki shirunsa a matsayin girman kai. Ta wurin aiki yake nuna amincinsa.

Idan mu ne masu wannan hali

Mu tuna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu gaisa kafin mu yi gyara, mu sanar da shugaba kafin mu canza abu, mu kuma rubuta abin da muka yi, domin wanda zai zo bayanmu ya san inda zai fara.